Busasshiyar Iska Mai Zafi: Abin da Take Yi wa Jiki da Gona

Kowace shekara, da zarar an gama kaka an kai hatsi rumbu, iska takan juya. Ta daina zuwa daga kudu da laimarta, ta koma busowa daga arewa maso gabas, a bushe, da ƙura. Da fari takan zo da ɗari, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Daga ƙarshen Fabrairu kuma sai ta ɗauki zafi, har ya zama a Maris da Afrilu idan ta bugi fuskarka kamar ka leƙa bakin tanda. A waɗannan watanni ne asibiti yake cika da masu tari, da masu ciwon ido, da yaran da ruwan jikinsu ya ƙare, da waɗanda wuta ta ƙone, da masu sanƙarau.

An rubuta wannan ɗan littafi domin ku san inda wannan iska take fitowa, da abin da take yi wa jikin mutum da gonarsa, da abin da za ku iya yi a gida, da lokacin da bai kamata ku tsaya a gida ba. Babu mai iya tsayar da iska, amma yawancin ɓarnar da take yi ana iya rage ta da abubuwan da suke hannunku.

YADDA DUTSE YAKE SA ISKA TA YI ZAFI

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Ngaundere zuwa Garwa ya san abin da ake ji a jiki. A Ngaundere, a kan tudun Adamawa, kana bisa kimanin mita 1,100. Da mota ta gangara ta bar tudu, sai ka tuɓe rigar sanyi, domin Garwa tana can ƙasa a kwarin Binuwai. Sama da sanyi, ƙasa da zafi. Iska ma haka take: in ta hau dutse sai ta yi sanyi, in ta gangaro sai ta yi zafi.

Dalilin yana nan a famfon keke. In kana ba taya iska, taɓa gindin famfon, za ka ji ya yi ɗumi. Iskar da aka matse takan yi zafi. A gindin dutse nauyin iskar da take sama yana danne ta ƙasa, don haka iskar da ta gangaro daga kan dutse tana shan matsi, tana ƙara zafi. Busasshiyar iska tana ƙara kimanin digiri ɗaya a kowace mita 100 da ta sauko. In ta sauko mita 1,000, ta ƙara wajen digiri goma ke nan.

Akwai abu na biyu. Iskar da ta taso daga teku tana ɗauke da laima. In ta ci karo da dutse ta hau, sai ta yi sanyi, laimar ta zama girgije, ta zubo ruwa a wannan gefen. Kafin ta haye ta kai ɗaya gefen, ta riga ta zubar da ruwanta. Dutsen Kamaru, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 4,000, ya nuna wannan sarai. Ƙauyen Debundscha da yake gefen teku yana samun ruwan sama wajen milimita 10,000 a shekara, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya, amma garuruwan da suke bayan dutsen ba sa samun ko rabin wannan.

Mutanen ƙasashe da yawa sun san irin wannan iska, kowa da sunan da yake kiranta. A duwatsun Suwizalan da Ostiriya ana ce mata Fon. A 1861 ita ce ta hura gobarar da ta cinye yawancin garin Glarus. A Amurka da Kanada akwai Shinuk, mai narkar da ƙanƙara. A garin Spearfish, ran 22 ga Janairu 1943, ta ɗaga ma'aunin zafi daga digiri 20 ƙasa da sifiri zuwa digiri 7 cikin minti biyu. A Kalifoniya akwai Santa Ana, wadda ta hura gobarar da ta ƙone dubban gidaje a Los Angeles a Janairu 2025. A Ajantina kuma akwai Zonda. Halinsu ɗaya ne: zafi, bushewa, ƙarfi, da gobara.

INDA TAMU ISKAR TAKE FITOWA

Iskar hunturu da ta bazara 'yar hamada ce, shi ya sa ba ta da laima tun asali. Amma duwatsu suna da hannu a cikin ƙarfinta da ƙurarta. A arewacin Cadi akwai duwatsun Tibesti, waɗanda mafi tsawonsu, Emi Kusi, ya wuce mita 3,400, akwai kuma duwatsun Ennedi a kudu maso gabas da su. Iskar arewa maso gabas tana matsuwa ta bi tsakaninsu, kamar yadda ruwa yake ƙara gudu in ya shiga ƙaramar magudana. In ta fito sai ta faɗa cikin wani kwari mai suna Bodele.

A zamanin da, Tafkin Cadi ya fi na yau girma nesa ba kusa ba, kuma kwarin Bodele yana ƙarƙashin ruwansa. Da ruwa ya janye, ya bar farar laka mai laushi kamar gari. Ita ce iska take kwasa. Masana sun ce babu wuri guda a duniya da yake tayar da ƙura kamar wannan kwari, kuma wani ɓangaren ƙurar yana haye tekun Atlantika har Kudancin Amurka. Farin hazon da yake rufe rana a Kusiri da Marwa da Garwa da Damagaram da Kano, mafi yawansa daga can ya taso, kwana ɗaya ko biyu kafin ku gan shi.

A lokacin damina iska tana cike da laima. A tsakiyar rani kuwa laimar da take cikinta da rana takan sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100. Irin wannan iska mai ƙishirwa ce. Duk abin da ta taɓa sai ta tsotse ruwansa, ko wanki ne a kan igiya, ko ciyawa, ko jinkar ɗaki, ko fatar jariri. Waɗanda suke zaune a gindin dutse, a gefen da iska take gangarowa, su suka fi jin zafinta da ƙarfinta.

RUWAN JIKI

A damina in ka yi gumi kana ganinsa, riga takan jiƙe. A cikin busasshiyar iska gumi yana bushewa tun bai taru ba, sai mutum ya zaci bai yi ba, alhali ruwa yana fita ta fatarsa da numfashinsa. Mai aiki cikin rana, kamar mai faskare, ko mai haƙar rijiya, ko mai buga bulo, yana iya zubar da lita guda na gumi cikin awa ɗaya. A Garwa da Marwa zafi yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu.

Kada ku jira ƙishirwa. Ku duba fitsarinku. In yana da yawa kuma fari-fari ne, ruwa ya ishi jiki. In kaɗan ne, ja-ja-ja kamar shayi, jiki yana neman ruwa. Wanda ya daɗe yana aiki cikin zafi ba ya shan isasshen ruwa yana wahalar da ƙodarsa, kuma yana iya samun tsakuwa a mafitsara ko a ƙoda. Ku tafi gona ko kasuwa da gorar ruwa. Aiki mai nauyi a yi shi da sassafe ko da la'asar sakaliya. Giya da burkutu suna ƙara fitar da ruwa daga jiki, ba sa mayar da shi.

Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa sosai, don haka a riƙa miƙa musu ruwa ko kunu ko ba su tambaya ba. Mai ciki da mai shayarwa suna bukatar ruwa fiye da kowa. Mai azumi ya sha ruwa da yawa tsakanin buɗe baki da sahur, ya guji rana tsaka. Mai ciwon sikila ya kula ƙwarai, domin ƙarancin ruwa da sanyin asuba duka suna tayar masa da ciwon ƙashi.

Uwa, in jaririnki bai kai wata shida ba, nono kaɗai ya ishe shi ko da ana tsananin zafi. Akwai isasshen ruwa a cikin nono. Ki ƙara yawan ba shi, dare da rana, ke kuma ki sha ruwa. Ruwan rijiya da ya ja baya a rani yakan ƙazantu, kuma shi yake kawo wa jarirai zawo.

In yaro yana zawo a wannan lokaci, ruwan jikinsa yana ƙarewa da sauri. Ga alamun da za ki duba: idanu sun faɗa, baki ya bushe, yana kuka babu hawaye, ya daɗe bai yi fitsari ba, maɗiga ta loɓa, in kin ja fatar cikinsa ba ta koma nan da nan. Maɗigar da ta loɓa ruwa take nema, ba abin da za a shafa mata daga waje. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari na leda wanda ake samu a asibiti, yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, ki sami lita ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce, ki zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tsotse ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki ɗanɗana. Kada gishirinsa ya fi na hawaye. Yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, a hankali. Wanda ya fi haka girma a ba shi rabin kofi zuwa kofi guda. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Ki ci gaba da ba da nono da abinci, ki kuma karɓi ƙwayar zinc a asibiti, ana shanta kwana 10 zuwa 14. In yaro ya kasa sha, ko yana amayar da kome, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ki kawo shi ko da tsakar dare ne.

BUGUN ZAFI

Mutumin da zafi ya galabaitar yakan ji jiri, da ciwon kai, da tashin zuciya, da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ko ruwan gishiri da sukari. Yawanci yakan dawo daidai.

Amma in jikinsa ya yi zafi rau, yana surutai, bai gane mutane ba, ko ya suma, ko yana jijjiga, wannan bugun zafi ne, kuma yana kisa. Kada a ɓata lokaci. A cire masa riga, a yi ta zuba masa ruwa a jiki duka, ana yi masa fifita. A ci gaba da haka har a kan hanyar asibiti. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, zai shaƙe. Ƙwayar farasitamol ba ta sauke irin wannan zafi. Kada kuma a bar yaro a cikin rufaffiyar mota ko ɗakin kwano da aka kulle da rana.

HANCI, IDO DA ƘIRJI

Cikin hanci akwai laushin fata mai danshi, wadda aikinta kama ƙura da ƙwayoyin cuta. Busasshiyar iska tana tsaga ta, shi ya sa haɓo yake yawa a rani. In ya zo, a zauna, a sunkuyar da kai gaba kaɗan, a matse laushin hanci da yatsa biyu har minti 10 zuwa 15 ba a saki ba, ana numfashi ta baki. Kada a ɗaga kai baya, domin jinin zai bi maƙogwaro. Kada a cusa taba, ko toka, ko ganye. In jini bai tsaya ba bayan minti 20, ko yana yawan dawowa ga babban mutum, a zo a auna hawan jini. Ɗan man kaɗe ko basilin a bakin hanci safe da dare yana rage tsagewa.

In ƙura ta shiga ido kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta. Kada a ɗiga nono, ko fitsari, ko ruwan lemun tsami, ko ruwan wani ganye. Mun sha ganin idon da ciwonsa ƙarami ne, abin da aka ɗiga masa a gida ya lalata shi. Kowa ya riƙe nasa tsinken kwalli da nasa tsumman share fuska. A wanke wa yara fuska safe da yamma ko da kofi guda ne na ruwa, domin kwantsa tana jawo ƙuda, ƙuda kuma suna yaɗa ciwon idon da yake sa gashin ido ya juya ciki ya makantar da mutum. Ido mai ruwa, ko mai tsananin zafi, ko wanda ganinsa ya ragu, a kawo shi a ranar.

Ƙurar hazo tana da laushi ƙwarai, tana shiga can cikin huhu. Ranar da hazo ya yi kauri, a rufe hanci da baki da rawani, ko gyale, ko takunkumi, musamman masu tafiya a babur. A yayyafa ruwa kafin shara. Mai asma ya riƙa yawo da maganinsa na shaƙa, kada ya bari sai ya ƙare. Babban mutumin da tarinsa ya wuce mako biyu ya zo a gwada majinarsa saboda tarin fuka.

Ga yara, abin tsoro shi ne ciwon huhu. Ana gane shi ta saurin numfashi. Ki bari yaro ya natsu, ki ɗaga rigarsa, wani ya riƙe agogo ko waya, ki ƙirga numfashinsa na minti guda. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60 ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana loɓawa ciki in ya ja numfashi, yana bukatar magani a ranar. Cire beli ba ya warkar da tari, sai dai ya ƙara zubar da jini da ciwo.

Ƙyanda ma a rani take yaɗuwa. Rigakafinta ana yi ne in yaro ya cika wata tara, akwai kuma allura ta biyu bayan ya wuce shekara ɗaya. Ki duba katin ɗanki. Yaro mai ƙyanda kada a hana shi ruwa ko abinci, kuma a kawo shi a ba shi bitamin A domin kare idonsa.

SANƘARAU

Wannan ita ce cutar da ta fi kowace alaƙa da wannan iska. Akwai wani yanki da ya ratsa Afirka daga Senegal zuwa Habasha, ya haɗa ƙasashe 26, wanda wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya bayyana a 1963. Nijar, da Cadi, da arewacin Nijeriya, da arewacin Kamaru duk suna ciki. A wannan yanki sanƙarau yana tashi in iska ta bushe ƙura ta yi yawa, ya yi tsanani a bazara, ya kwanta in ruwan sama ya sauka.

Ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta kwantar da su ba, tana bi daga wannan zuwa wancan ta tari da atishawa da kwana a cunkushe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. In iska da ƙura da hayaƙi sun tsaga fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar takan sami hanya ta shiga jini, ta kai ga rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka.

Alamunsa ga babba da yaron da ya tasa: zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, wuya ya sanƙare ba ya sunkuyawa, amai, ƙin haske, ruɗewa, wani lokaci da ɗige-ɗige masu duhu a fata. Jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba. Shi za ki ga ya ƙi nono, yana wani irin kuka mai tsini, ko barci ya yi masa yawa, maɗigarsa ta kumbura, ko yana jijjiga.

Sanƙarau yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. In ba a yi magani ba, wajen rabin waɗanda ya kama sukan mutu. Cikin waɗanda suka tashi, kimanin ɗaya cikin biyar yakan tashi da kurumta ko wata naƙasa. Akwai allura mai kashe ƙwayar, amma amfaninta yana ga wanda aka kawo da wuri. Saboda haka kada a ce bari mu ga gobe. Kada a tsaya yin ƙaho, ko tsaga, ko hayaƙi a wuya. Kada a sayi ƙwayoyi a tebur a zaci zazzaɓin sauro ne. In likita ya ce zai ɗebi ruwan baya, ku yarda. Ɗan kaɗan ne ake ɗiba domin a ga irin ƙwayar, kuma jiki yana mayar da shi. Wanda ya shanye bayan sanƙarau, cutar ce ta shanye shi.

A 1996 da 1997 an yi annobar da ta kama mutane fiye da 250,000 a wannan yanki, ta kashe wajen 25,000. A Disamba 2010 aka fara sabuwar allurar rigakafi mai suna MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, a 2011 ta iso Cadi da Kamaru da Nijeriya. Irin ƙwayar da ake kira A, wadda ita ce take kawo manyan annoba a da, kusan ta ɓace. Amma akwai sauran iri. Irin C ya yi ɓarna a Nijar a 2015, da Nijeriya a 2017. A 2024 Nijeriya ta fara amfani da allurar da take kare mutum daga iri biyar. Don haka in an yi shelar rigakafi ku fito da iyalinku duka, ko da an taɓa yi muku a baya. A gida kuma a rage cunkoso a ɗakin kwana, a bar taga a buɗe in hazo bai yi kauri ba, a fitar da murhu waje. In mutum biyu sun kamu a unguwa ɗaya, mai unguwa ya sanar da asibiti mafi kusa.

FATA DA ƘAFA

Kaushi da faso ba ƙaramin abu ba ne ga wasu. A jiƙa ƙafa cikin ruwa da yamma, a goge kaushi da dutse a hankali, a shafa man kaɗe tun ƙafar da sauran danshi, a sa takalmi. Mai ciwon sukari da wanda kuturta ta kashe wa jin ƙafa su duba tafin ƙafarsu kowace rana, domin ƙaramar tsaga da ba su ji ba tana iya zama gyambo. Jarirai a yi musu wanka in rana ta ɗaga, a shafe su da mai.

WUTA

A rani jinka da zana da darni duk makamashi ne, ƙaramin tartsatsi ya isa. A yi girki da sassafe ko da yamma, lokacin da iska ta lafa, a wurin da aka kare da katanga. A kashe wuta da ruwa bayan girki, kada a zubar da toka mai rai a juji. Kada a ajiye fetur a ɗakin kwana. A share ciyawa a kewayen gida da rumbu, a nisanta rumbu da harawa daga madafa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: gobarar gida ɗaya a irin wannan iska ta unguwa ce duka, don haka maƙwabta su riƙa tuna wa juna.

A daren ɗari kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Yana fitar da wata iska marar wari marar launi wadda take kashe mutane cikin barci. Mai farfaɗiya kada ya zauna jin ɗumi ko girki shi kaɗai, yara masu rarrafe kuma a nisanta su da murhu.

In wuta ta ƙona mutum, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko manja, ko baƙin mai, ko kashin shanu. Kada a fasa bororo. Ƙunar fuska, da hannu, da al'aura, da duk wadda ta fi tafin hannun mai ita faɗi, da kowace ƙuna a jikin jariri, ta asibiti ce.

GONA DA DAJI

Iskar tana da amfaninta. Tana busar da hatsi da gyaɗa da kuɓewa, tana rage sauro, sanyinta kuma yana yi wa albasa da alkama kyau. Amma gonar da aka bari tsirara tana asara. Abin da iska take fara ɗauka shi ne laushin ƙasar sama, inda taki yake, ta bar yashi da tsakuwa. Wanda ya kwashe kara duka ya ƙone sauran, ya miƙa wa iska gonarsa. A bar wani kara a kwance, yana riƙe ƙasa, yana tare ƙurar da ta zo daga wani wuri, gara kuma tana mayar da shi taki. Ƙunar daji a tsakiyar rani, domin farautar gafiya ko neman sabuwar ciyawa, tana cinye abincin dabbobi da ƙananan itatuwa, wani lokaci har da ƙauye.

Itace shi ne garkuwa. Layin itatuwa yana kare gona har nisan da ya kai kimanin ninki goma na tsawonsu. A kwarin Majiya a jihar Tawa, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro domin tare iska, manoma kuma suka ga amfaninsa a gero. A jihar Maraɗi, daga 1983, wani malamin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoma a kan wata dabara mai sauƙi. Maimakon a sassabe duk tohon da ya fito daga tsofaffin kututture, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Ta haka kalgo da sabara da gawo suka dawo a gonaki masu faɗin kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da an sayi dashe ba. Gawo ya fi dacewa da gona, domin yana zubar da ganye a damina ya bar shuka ta sha rana, a rani kuma ya yi inuwa ya ba dabbobi 'ya'ya.

Dabbobi ma suna shan wahalar da kuke sha. A ba su inuwa da ruwa safe da yamma. A rufe bakin rijiya da randa domin ƙura.

KU ZO ASIBITI NAN DA NAN IN KUN GA

Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya.
Jariri ya ƙi nono, ko maɗigarsa ta kumbura ko ta loɓa.
Jijjiga, suma, ko ruɗewa.
Yaro yana numfashi da sauri, ko ƙirjinsa yana loɓawa.
Zawo ko amai har yaro ya kasa sha.
Haɓon da ya ƙi tsayawa.
Ƙuna mai faɗi, ko a fuska, ko a jikin jariri.

Tun kafin rani ya yi nisa, mai gida da uwar gida su zauna su shirya: wane ne mai babur ko mota da za a kira da dare, ina aka ajiye kuɗin mai, ina katin rigakafin kowane yaro. In kun gama karanta wannan littafi kada ku sa shi ƙarƙashin katifa. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a gida, da taron mata, da dandali, domin mai ganin alamar farko sau da yawa kaka ce ko maƙwabciya. Allah ya kai mu damina lafiya.